Mikin al'aura mai dawowa alhali gwaji bai nuna cuta ba: wace hanya ya kamata namiji ya bi?

Akwai maza da dama da ke fama da miki a al'aura wanda yake fitowa ya warke, bayan makonni ko watanni ya sake dawowa, kuma sun je asibiti an ɗebi jini da fitsari, an duba tunjere da ƙanjamau da ciwon sanyi, sakamako ya fito babu komai. Mai wannan lalura yakan rasa inda zai sa gaba, domin mai kemis yana ce masa infekshan ne bai mutu ba, mai maganin gargajiya yana cewa sanyi ne ya yi masa katutu, a gida kuma zargi ya fara shiga tsakaninsa da iyali. Hanyoyin da ke gabansa sun kai bakwai, kuma sun sha bamban ƙwarai a kuɗi da amfani. A ganina, kamannin mikin da lokacin fitowarsa su ne ya kamata su zaɓar wa mutum hanya, kuma hanyar da aka fi bi, wato sake shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ita ce mafi ƙarancin amfani, wani lokaci ma ita ce ke jawo mikin.

Abin da sakamakon gwajin bai faɗa ba

Kowane gwaji yana neman cutar da aka ce ya nema ne kawai, kuma yana da lokacin da yake iya ganin ta. Gwajin tunjere na VDRL ko RPR yana iya fitowa babu komai a makonnin farko na gyambon, shi ya sa likitoci ke maimaita shi bayan makonni biyu zuwa huɗu, su haɗa da na TPHA, wani gwajin jini da ke tabbatar da tunjere. Gwajin ƙanjamau na gaggawa, wanda ake tsira yatsa, yana iya ɗaukar kwana 90 kafin ya nuna cutar a jikin wanda bai daɗe da kamuwa ba. Idan an maimaita waɗannan biyu bayan wata uku suka sake fitowa lafiya, ana iya ajiye su gefe da kwanciyar hankali, musamman da yake gyambon tunjere galibi ba ya zafi, yana warkewa cikin makonni uku zuwa shida, kuma ba al'adarsa ba ce ya riƙa tafiya yana dawowa.

Inda aka fi samun giɓi shi ne cutar hapis (herpes), mai fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa, wadda ita ce kan gaba a duniya wajen haddasa mikin al'aura mai dawowa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mutum miliyan 846 masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita a al'aura, fiye da mutum ɗaya cikin biyar ke nan. Gwajin fitsari da gwajin shuka ƙwayoyin cuta da aka saba yi a ƙananan ɗakunan gwaji ba sa ganin ta ko kaɗan, domin bairos ce. Don haka mutum zai iya riƙe takardu biyar masu cewa babu komai alhali ba a taɓa neman hapis a jikinsa ba. Ko a Amurka, inda kayan aiki suka wadata, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta taɓa bayyana cewa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na masu mikin al'aura ba a samun gwajin da ya tabbatar da sanadinsa. Wani ɓangare na waɗannan ba cutar jima'i ke damun su ba tun asali.

Ma'aunin da za a yi amfani da shi

Abu biyar ya kamata mutum ya duba kafin ya kashe kuɗinsa. Na farko, kuma mafi nauyi, shi ne ko hanyar za ta bayyana sanadin mikin, ko kuwa za ta lafar da shi ne kawai na ɗan lokaci. Na biyu kuɗi, wanda ya haɗa da na mota da na kwanakin da za a bar sana'a, ba kuɗin magani kaɗai ba. Na uku ɗorewa, wato ko mikin zai daina dawowa. Na huɗu sauƙin samu, domin abin da ke hannun mazaunin Kano ko Yamai ba ya hannun mazaunin ƙauye. Na biyar haɗari, kuma a nan ana lissafa har da haɗarin ɓata lokaci yayin da wata cuta mai tsanani ke cin jiki a ɓoye.

Sake shan maganin kashe ƙwayoyin cuta

Wannan ita ce hanya mafi kusa da mafi sauƙi, kuma tana da tushe a karon farko. A asibitocin da babu kayan gwaji, ƙa'idar da ake bi ita ce a yi wa mai mikin al'aura maganin cututtukan da suka fi yawa gaba ɗaya, kamar allurar fenisilin mai daɗewa a jiki domin tunjere. Hakan daidai ne sau ɗaya. Amma idan an yi cikakken magani mikin ya dawo, aka sake yi ya sake dawowa, babu dalilin a ci gaba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne mikin hapis da ire-irensa suna warkewa da kansu cikin kwana bakwai zuwa goma, sai mutum ya ɗauka ƙwayar da ya saya ce ta yi aiki, idan ya dawo kuma ya ce maganin ne bai yi ƙarfi ba, ya nemi wanda ya fi shi tsada.

Kuɗin kowane zagaye kaɗan ne, amma idan aka tara na shekara guda yakan zarce kuɗin ganin ƙwararre. Ɗorewa babu. Haɗarin kuma uku ne: ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin har ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa da gaske, maganin yana iya danne tunjere ba tare da ya kashe shi ba, kuma Septrin da doksisaikilin da tetarasaikilin da Flagyl, waɗanda aka fi ba mai wannan ƙorafi, suna cikin magungunan da su kansu ke fito da miki a kan azzakari, kamar mai kashe gobara da kananzir. Haka nan man shafawa mai haɗin uku irin su Funbact-A, wanda ke ɗauke da sinadarin kwantar da kumburi mai ƙarfi, yana siranta fatar wurin idan an daɗe ana shafawa, yana kuma sauya kamannin mikin har likita ya kasa gane shi.

Maganin gargajiya

Ba sai an tsawaita a nan ba. Yana da arha a farko, yana da sauƙin samu, kuma mai bayar da shi ba ya sa mutum jin kunya, wanda wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ba ya bayyana sanadi, domin kusan kowane ƙorafin al'aura sanyi ake kiransa. Abin shafawa mai zafi ko mai ƙuna yana ƙara faɗin mikin, jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba kuma yana iya taɓa ƙoda da hanta, wasu ma ana cakuɗa su da ƙwayoyin asibiti ba tare da an faɗa wa mai saye ba. Wanda yake son abin da zai yi a gida, wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri ya ishe shi.

Bibiyar magungunan da ake sha da abin da ke taɓa wurin

Wannan hanya ba ta cin ko sisi, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Akwai wani nau'in rashin jituwar jiki da magani wanda yake fitowa a wuri ɗaya tak duk lokacin da aka sha wannan maganin, kuma kan azzakari da leɓe suna cikin wuraren da ya fi so. Yadda yake zuwa a bayyane yake ga wanda ya lura. Tsakanin rabin awa zuwa awa takwas bayan shan ƙwayar, wurin zai fara ƙaiƙayi da zafi kamar ƙuna, sai wani zagayayyen fili ya yi ja ko ya yi duhu, ya ɗan kumbura, wani lokaci ya yi bororo ya fashe ya bar ɗanyen miki mai sheƙi. Bayan mako ɗaya zuwa kwana goma sai ya bushe, ya bar baƙin tabo mai iyaka a fili, wanda zai iya yin watanni bai goge ba. Ranar da aka sake shan maganin, wannan tabon ne zai sake tashi, kuma a hankali wasu sababbi na iya ƙaruwa a leɓe ko hannu ko cinya.

Magungunan da suka fi jawo shi a ƙasashenmu su ne masu sinadarin salfa, wato Septrin da maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Fansidar da Amalar, sai na ciwon jiki irin su Feldene da ibuprofen da diklofenak, har da farasitamol, sai kuma waɗanda aka ambata a sama. Wahalar ita ce mutane ba sa ɗaukar waɗannan a matsayin magani idan likita ya tambaya. Direba ko lebura da ke sayen haɗin maganin gajiya a tasha, ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban a ƙulle cikin leda ba suna ba kwali, zai rantse bai sha komai ba, alhali ya sha su daren jiya. Haka kuma magani ɗaya yana zuwa da sunayen kasuwa daban-daban, mutum ya bar Fansidar ya koma Amalar yana ganin ya canza.

Abin da ake yi shi ne a sami ɗan littafi a rubuta duk abin da aka haɗiya a cikin kwana biyu kafin kowane tashi, har da maganin ƙarfin maza da jiƙo, a ajiye kwalayen, a kuma ɗauki hoton mikin da waya a ranar farko da ta uku da bayan ya warke. A rubuta har da sabulu, da Dettol ko wani maganin wanka, da kwaroron roba, da man da ake shafawa don jinkirta inzali, da abin da uwargida ke amfani da shi na matsi, domin waɗannan ma suna iya ƙona fata mai laushi. Idan aka gano maganin aka bar shi, mikin ya tafi ke nan, babu wata hanya da ta kai wannan ɗorewa. Haɗari ɗaya ne, kuma babba: kada mutum ya sake shan maganin da yake zargi don ya gwada da kansa, domin magungunan salfa suna iya jawo saluɓewar fata a jiki duka da baki da ido, wadda ke kai mutum gadon asibiti ko ma ta yi kisa. Idan ana buƙatar tabbatarwa, aikin likita ne. Raunin hanyar shi ne tana buƙatar haƙuri, domin sai an ga tashi biyu ko uku kafin alaƙar ta fito.

Gwajin PCR a kan sabon miki

Wannan shi ne gwajin da ya fi iya kama hapis, kuma irin fasahar da aka yi amfani da ita ne lokacin korona. Ana goga ɗan tsinke mai auduga a gindin mikin, ko a fasa bororon a ɗebi ruwansa, a sa a kwalba a kai ɗakin gwaji. Sharaɗinsa shi ne lokaci: ya fi aiki a cikin kwana biyu na farko, yayin da ƙurajen ke ɗauke da ruwa, kuma da zarar sun bushe sun yi ɓawo, bairos ɗin ya ragu har gwaji na iya rasa shi. Saboda haka dabara ita ce a je a ga likita tun wurin yana lafiya, a karɓi takardar gwajin, a san ɗakin da ke yin sa da ranakun da yake karɓar samfuri, ta yadda ranar da mikin ya ɓullo za a wuce kai tsaye.

Yana da tsada idan aka kwatanta da gwaje-gwajen da aka saba, kuma galibi sai a manyan birane, a ɗakunan gwaji masu zaman kansu ko asibitocin koyarwa. Haɗari babu sai ɗan raɗaɗi. Idan ya nuna hapis, magana ta ƙare. Idan bai nuna ba sau ɗaya, ba a yanke hukunci. Idan bai nuna ba sau biyu a kan sabon miki, zargin hapis ya yi rauni sosai. Akwai kuma gwajin jini na hapis, wanda ya fi arha, amma yana nuna cewa mutum ya taɓa haɗuwa da bairos ɗin ne kawai, ba ya tabbatar da cewa shi ne ya jawo wannan mikin. Gwajin jinin nau'i biyu ne, IgM da IgG. Nau'in IgM ba shi da amfani a wannan bincike, kuma ya tayar da hankalin gidaje da yawa a banza. Nau'in IgG yana da amfani ta fuska ɗaya: idan bayan makonni 12 da fara ganin mikin bai nuna komai ba, da wuya a ce hapis ne.

Shan maganin hapis na wasu watanni a matsayin gwaji

Idan kamannin mikin sun yi daidai da hapis, wato ana fara jin tsira ko ƙaiƙayi ko zafi a wurin, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a cunkushe, su fashe su bar miki marar zurfi da ke warkewa ba tabo, kuma babu halin yin PCR, likita na iya ba da asaikulobiya, wanda aka fi sani da Zovirax, miligiram 400 sau biyu a rana na wata uku zuwa shida. Wannan magani yana rage yawan tashin hapis da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Idan mikin ya ɗauke, an sami sauƙi kuma an sami alama; idan ya ci gaba da zuwa yadda ya saba alhali ana shan maganin ba fashi, sai a nemi wani sanadi.

Kuɗinsa matsakaici ne amma yana taruwa wata bayan wata. Ana samunsa a yawancin manyan kantunan magani, sai dai a duba lambar NAFDAC a kwali, domin jabun magani zai ɓata gwajin gaba ɗaya. Illolinsa kaɗan ne, amma mai ciwon ƙoda sai an rage masa, kuma ana son a riƙa shan ruwa sosai. Ba ya kawar da bairos ɗin daga jiki, saboda haka mikin na iya dawowa idan an daina. Na shafawa kuwa ba shi da wani tasiri a al'aura. Rauninsa a matsayin gwaji shi ne miki na iya yin hutu da kansa a daidai lokacin, sai a laƙaba wa mutum cutar da ba shi da ita, da duk abin da hakan ke jawowa a zaman aure.

Ganin likitan fata da yankar ɗan samfuri

Fatar al'aura fata ce kamar sauran, kuma cututtukan fata da yawa suna fitowa a can ba tare da wata alaƙa da jima'i ba. Akwai masu sa fata ta yi fari-fari tana tsagewa, akwai masu fito da filaye masu sheƙi, akwai waɗanda garkuwar jiki ke kai wa fata hari ta yi ta bororo, akwai ƙazuwa da ake sosawa har ta zama miki, akwai kuma tsagewar da ciwon suga ke jawowa, wanda shi ya sa gwajin suga ya kamata ya shiga lissafi. Kaciya ta rage wa mazanmu wasu daga cikin waɗannan, har da sankarar azzakari, amma ba ta kawar da su ba.

Likitan fata yakan gane da yawa daga cikinsu da ido, musamman idan an zo masa da hotuna da littafin magunguna. Idan bai gamsu ba, sai ya yi allurar kashe zafi ya ciri ɗan yanki da bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba, ya yi ɗinki ɗaya ko biyu, a kai a duba a madubin likita, sakamako ya fito bayan mako ɗaya zuwa uku. Ana samun wannan a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos, da kuma babban asibitin ƙasa na Yamai. Ƙwararrun ba su da yawa, layi yana da tsawo, kuɗin mota da jira sukan fi kuɗin aikin kansa. Haɗarin ɗan jini ne da ɗan tabo. Amfanin kuwa shi ne wannan ce kaɗai hanyar da ke iya tabbatar da sankara ko kore ta.

Binciken cutar Behcet

Wannan cuta ce ta kumburin jijiyoyin jini, wadda likitan fata ɗan Turkiyya Hulusi Behcet ya bayyana a 1937. Ta fi yawa a Turkiyya da Iran da ƙasashen Larabawa har zuwa Japan, ba ta da yawa a Afirka kudu da Sahara, amma ana samun ta, kuma da yake ba a cika tunaninta ba, masu ita sukan yi shekaru ana yi musu maganin infekshan. Ba a ɗaukar ta ta jima'i ko ta wata hanya. Galibi tana farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi tsanani a jikin samari maza.

Mikinta ya bambanta da na hapis: yana da zurfi kamar an ƙwaƙule, yana da zafi sosai, ya fi fitowa a jakar maraina, yana ɗaukar makonni kafin ya warke, kuma sau da yawa yana barin farin tabo. Kusan kowane mai ita yana fama da gyambon baki mai dawowa, wanda yawanci shi ke fara zuwa. Babu gwajin jini da ke tabbatar da ita, kuma yankar samfuri ma ba ya nuna wata alama tata ta musamman; ana gane ta ne da haɗuwar alamomi. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 1990 ta ce sai an sami gyambon baki aƙalla sau uku a cikin wata 12, tare da biyu daga cikin huɗu: mikin al'aura mai dawowa, kumburin cikin ido, ƙuraje ko kullutu masu zafi a fata, da kuma gwajin tsira allura. A wannan gwaji ana tsira fatar hannu da allura mai tsabta, a zagaye wurin da biro, a dawo bayan awa 24 zuwa 48. Idan ɗan ƙurji ya fito a wurin, alama ce, amma rashin fitowarsa ba ya kore cutar.

Binciken kansa ba shi da tsada, tambayoyi ne da duba jiki da duba ido da na'ura, wanda ake yi a sashen ido na asibitocin koyarwa ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Magani na dogon lokaci ne: man shafawa mai kwantar da kumburi, da ƙwayar kolcisin, idan kuma cutar ta taɓa ido ko jijiya sai magungunan danne garkuwar jiki irin su azatayofirin, waɗanda ke buƙatar gwajin jini a kai a kai. Kolcisin yana sa gudawa, kuma haɗa shi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su eritiromaisin ko klaritiromaisin yana da haɗari ƙwarai, don haka ba maganin saye a kemis ba ne. Babban haɗarin yana wajen rashin yin binciken, domin kumburin ido na wannan cuta yana makantarwa, kuma tana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Akwai kuma masu gyambon baki da na al'aura ba tare da sauran alamomin ba. Su ma ana bibiyar su, a duba ko jininsu ya rasa sinadarin ƙarfe ko bitamin B12, ko suna da ciwon kumburin hanji.

Kwatanci a taƙaice

| Hanya | Bayyana sanadi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin samu | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sake shan maganin ƙwayoyin cuta | Babu | Kaɗan, amma yana taruwa | Babu | Ko'ina | Babba |
| Maganin gargajiya | Babu | Kaɗan | Babu | Ko'ina | Ƙuna, ƙoda, ɓata lokaci |
| Bibiyar magunguna | Sosai, idan magani ne | Babu | Ta dindindin | Ko'ina | Kaɗan, in ba a sake shan maganin don gwaji ba |
| Gwajin PCR | Sosai, ga hapis | Mai yawa | Sai an haɗa da magani | Manyan birane | Babu |
| Zovirax na watanni | Alama kawai | Matsakaici | Muddin ana sha | Da sauƙi | Kaɗan |
| Likitan fata da samfuri | Sosai | Matsakaici zuwa mai yawa | Ya danganta da cutar | Asibitin koyarwa | Kaɗan |
| Binciken Behcet | Sosai, idan alamomi sun haɗu | Bincike kaɗan, magani mai yawa | Sai da bibiya | Asibitin koyarwa | Na magungunan |

Wa ya dace da wace

Wanda mikinsa ke dawowa a wuri ɗaya yana barin baƙin tabo zagayayye, musamman idan yana zuwa bayan zazzaɓi ko ciwon jiki da aka sha wa magani, ya fara da littafin magunguna, ya dakatar da duk ƙwayar da ba likita ya rubuta ba, sannan ya kai wa likita littafin da kwalayen. Idan maganin da ake zargi na wata cuta ce mai ɗorewa, likitan da ya rubuta shi ne zai canza shi.

Wanda ke ganin ƙananan ƙuraje masu ruwa a cunkushe, masu warkewa cikin mako guda ba tabo, kuma yana da halin biya, PCR a kan sabon miki ya fi masa. Idan yana nesa da birni ko kuɗin ya fi ƙarfinsa, ya nemi likita ya ɗora shi a kan Zovirax na wasu watanni. A kowane hali ya dakatar da kusantar iyali daga lokacin da ya ji alamar tashi har wurin ya warke sarai, kuma idan matarsa tana da ciki, a sanar da masu awo, domin hapis yana da haɗari ga jariri. Ya kamata ma'aurata su sani cewa wannan bairos yana iya kwanciya a jiki shekaru ba alama, don haka bayyanarsa yau ba shaida ba ce cewa wani ya ci amana jiya.

Wanda ke da gyambon baki mai yawan dawowa tare da miki mai zurfi a jakar maraina, ko ciwon gaɓoɓi, ko kullutu masu zafi a ƙwauri, ya nemi a bincika masa Behcet, ya kuma ambaci sunan cutar da bakinsa idan ba a ambata ba. Idan ido ya yi ja yana zafi, ko gani ya dusashe, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, wannan ba na jiran ranar kilinik ba ne, a je asibiti a ranar.

Wanda mikinsa bai dace da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ko ya bi hanyoyin farko bai sami amsa ba, likitan fata ne nasa. Wanda kuma mikinsa ya wuce wata guda bai rufe ba, ko bakin mikin ya yi tauri, ko yana zubar da jini, ko kaluluwa ta fito a matsematsi ta ƙi sauka, musamman idan ya haura shekara 50 ko yana shan taba, ya tsallake dukkan sauran hanyoyin ya nemi a yanki samfuri, kuma ya daina shafa komai a wurin kwanaki kaɗan kafin ranar, sai dai in likita ya ce akasin haka.